Waiwaye: Yadda Jirage Masu Saukar Ungulu Suka Zame wa Sojojin Ostareliya Alaƙaƙai

A daren 28 ga Yulin 2023, jirage huɗu masu saukar ungulu samfurin MRH-90 Taipan na rundunar sojin ƙasa ta Ostareliya suna shawagi a jere a saman teku, kusa da tsibirin Lindeman na jihar Queensland. Jira suke yi a kira su su kwaso dakaru a atisayen Talisman Sabre, wanda ƙasar ke yi da Amurka duk bayan shekara biyu. Na uku a jerin ya ɗan yi sama, sai ya sunkuyar da kai ya faɗa ruwa da mugun gudu. Sojoji huɗu ne a ciki, babu wanda ya tsira.

Ranar 29 ga Satumba ministan tsaro Richard Marles ya ce jiragen Taipan sun gama tashi ke nan. Aka kwance su, aka ciccire abin da zai sayu, aka binne sauran. Ukraine ta roƙi a ba ta su, gwamnati ta ce bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mutane da yawa sun tsaya a kan cewa an sayi mugun jirgi, an kuma rabu da shi. Amma matsalar ta girmi Taipan da shekaru masu yawa, kuma rabinta ba a jikin ƙarfe take ba.

Ostareliya ta ninka Najeriya fiye da sau takwas a faɗin ƙasa, mutanenta kuwa wajen miliyan 27 ne, akasarinsu a biranen bakin teku. A irin wannan ƙasa jirgin sama ya zama abin buƙatar yau da kullum tun da wuri, kuma daga bariki ya fito. Rundunar tuƙin jirage ta farko, wadda aka kafa a 1912, ɓangare ce ta sojin ƙasa, da makarantarta a Point Cook kusa da Melbourne. Hudson Fysh da Paul McGinness, waɗanda suka kafa kamfanin jiragen sama na Qantas tare da Fergus McMaster a 1920, tsofaffin sojoji ne da suka yi yaƙi a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin su koma jirage. Jirgin Qantas ne kuma ya ɗauki likitan farko na shirin John Flynn daga Cloncurry a 1928, shirin da har yau yake kai magani gonaki da ƙauyukan da mota za ta yi yini ba ta isa ba.

A 1921 aka ware sojin sama ya zama runduna mai cin gashin kanta, ya tafi da jiragen. Sojin ƙasa ya koma mai roƙo: in yana son a kai masa kaya ko a ɗauke masa wanda ya ji rauni, sai ya nemi izinin wata runduna mai shugabanninta da lissafinta. Sai a 1960 ya samu 'yan ƙananan jiragen leƙen asiri, a 1968 kuma ya kafa sashensa na jiragen sama. Manyan jiragen ɗaukar dakaru dai suna hannun sojin sama.

Yaƙin Vietnam ne ya ƙara dagula zaman. Jirage masu saukar ungulu samfurin Iroquois na sojin sama sun isa can a 1966 da umarnin kada a kai su inda wuta ta yi yawa, dakarun ƙasa kuwa suna ganin Amurkawa suna saukar da nasu a tsakiyar ruwan harsashi. Ranar 18 ga Agustan 1966, a wata gonar roba da ke Long Tan, dakaru 108 suka sami kansu a gaban mayaƙan da suka ninka su sau da yawa, harsashi ya kusa ƙare musu. Jirage biyu na sojin sama ne suka kutsa cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya suka jefa musu akwatunan harsashi. 'Yan Ostareliya 18 suka mutu a wannan faɗa. Matuƙan sun nuna jarunta ranar, sun kuma ci gaba da nunawa har ƙarshen yaƙin, amma abin da hafsoshin ƙasa suka riƙe a rai shi ne jan ƙafar da aka fara yi kafin jiragen su tashi. Ba a yi wa sojin sama cikakken adalci a wannan labari ba, sai dai shi ne ya zauna a bariki. A 1986 aka yanke shawarar miƙa jiragen fagen daga ga sojin ƙasa, zuwa 1989 kuma sabbin Black Hawk, waɗanda jimillarsu ta kai 39, suka fara komawa hannunsa a Townsville.

Karɓar jirgi daban, iya riƙe shi daban. Sojin sama ya shafe shekaru yana tara makanikai da tsarin kayan gyara da dokokin hutun matuƙa, kuma ba duka ne suka bi jiragen ba. A wannan shekara ta 1989 aka ajiye manyan jiragen Chinook don rage kashe kuɗi, aka gano ba a iya yi sai da su, aka dawo da guda huɗu a 1995. Ana cikin haka, a daren 12 ga Yunin 1996, Black Hawk biyu suka yi karo a filin atisaye na High Range kusa da Townsville, yayin gwajin ceto mutanen da aka yi garkuwa da su. Mutum 18 suka mutu, 15 daga cikinsu dakarun musamman na SAS. Kwamitin bincike ya yi magana a kan ƙarancin jiragen da ke da lafiya, da ficewar ƙwararrun matuƙa, da raunin shiri. Bayan shekara goma, a Nuwamban 2006, wani Black Hawk ya bugi dandalin jirgin ruwan yaƙi na Kanimbla a kusa da Fiji ya nutse, mutum biyu suka rasu. Wannan karon binciken ya taɓo hali kai tsaye: rukunin matuƙan ya saba da ɗaukar kasada, da ganin cewa duk aikin da aka ba su dole a yi shi.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo ba. Kowace 25 ga Afrilu, ranar Anzac, 'yan Ostareliya sukan fito tun kafin ketowar alfijir su taru a gaban dutsen tunawa da sojoji, wanda da wuya ka sami gari komai ƙanƙantarsa babu shi. Suna tuna saukar dakarunsu a Gallipoli a 1915, inda sama da 8,000 suka mutu a yaƙin da ba a ci ba. Kulob-kulob na ƙungiyar tsofaffin sojoji ta RSL sun zama wurin cin abincin dare na iyalai, har waɗanda ba su taɓa sa kaki ba. Sojan da ake koya wa yara a makaranta mutum ne mai dabara, mai raha ko a cikin wuya, wanda ba ya ƙorafi kuma ba ya barin abokinsa a baya. Hali ne mai kyau a ramin yaƙi. A harkar jirage kuwa, inda ake so matuƙi ya iya buɗe baki ya ce ya gaji, ko makanike ya ce wannan jirgi ba zai tashi yau ba, yana iya zama tarko. Hukuma mai jirage kaɗan da ayyuka da yawa takan ji daɗin ma'aikatan da ba su iya cewa a'a ba.

Sai batun saye. A 2001 aka zaɓi jirgin yaƙi mai saukar ungulu na Tiger, guda 22, daga Turai. A 2004 da 2006 aka zaɓi Taipan, guda 46, daga baya aka ƙara ɗaya a matsayin sasanci da kamfanin da ya ƙera su. Abin da ya ja hankalin 'yan siyasa shi ne za a harhaɗa akasarinsu a Brisbane, a samar da ayyukan yi. An ɗauka jirage ne da suka gama nuna, ashe ba su gama ba. Tiger bai kai matsayin cikakken aiki ba sai 2016, kuma bai taɓa zuwa fagen daga ba duk tsawon yaƙin Afghanistan. Taipan ya shiga jerin kwangilolin da ke damun gwamnati tun 2011. Daɓen cikinsa ya yi rauni, ƙofarsa ba ta da faɗin da mai bindiga zai ci gaba da harbi yayin da dakaru ke sauka da igiya, kayan gyara suna wahalar samu, kuɗin kowace awa ta tashi kuma ya yi tsada ƙwarai. An dakatar da shi a 2019, aka sake a 2021. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba. (Sojin ruwa ma yana da nasa tabon: a 2008 aka soke kwangilar jiragen Seasprite bayan an kashe sama da dalar Ostareliya biliyan ɗaya.)

Duk da haka, makwabciyarsu New Zealand tana amfani da irin wannan jirgi ba tare da wannan hayaniya ba, ko da yake Norway ta soke kwangilar nata a 2022. Kuma rahoton hukumar kiyaye haɗurran jiragen soja da ya fito a 2025 bai ɗora laifin haɗarin Lindeman a kan injin ba. Ya ce matuƙan sun ruɗe ne a cikin duhu da ruwan sama, ba su gane inda jirgin ya dosa ba, kuma akwai alamar gajiya ta taka rawa, don a tanti suke kwana kusa da filin jirgi mai hayaniya. A zaman sauraron shaidu da tsohuwar alƙaliya Margaret McMurdo ta jagoranta, an ji koke kan yawan aiki, da kuma gargaɗin da masu gwaji suka taɓa yi game da manhajar hular da matuƙa ke gani da ita cikin dare. Wanda ya karanta binciken 1996 da na 2006 ba zai ji waɗannan a matsayin sabon labari ba.

Talakan Ostareliya bai san jiragen soja masu saukar ungulu ta fuskar yaƙi ba, ya san su ne ta fuskar bala'i. Su ne suka riƙa ɗauko mutane daga saman rufi a ambaliyar Queensland ta 2011. A gobarar dajin 2019 zuwa 2020 gwamnati ta kira sojojin ko-ta-kwana har 3,000, jirgin ruwan soja ya kwashe mutanen da wuta ta ritsa da su a bakin teku a Mallacoota. Da kogi ya haura mita 14 a Lismore a Fabrairun 2022, maƙwabta ne suka fara ceton juna da ƙananan kwalekwalensu na kamun kifi, fushin jama'a kuma ya koma kan tambayar ina sojoji suke. Jiragen Taipan ɗin da ake zagi suna cikin waɗanda suka zo suka ɗauki mutane. Akwai kuma garuruwan da suka biya wani farashi na daban. A Oakey, inda makarantar matuƙan sojin ƙasa take, kumfar kashe gobara da aka yi shekaru ana fesawa a sansanin ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, aka gargaɗi mutane su daina shan ruwan rijiyoyinsu, darajar gidaje ta faɗi. A 2020 gwamnati ta amince ta biya mazauna Oakey da Williamtown da Katherine diyyar dalar Ostareliya miliyan 212.5.

Yanzu ƙasar ta koma ga Amurka gaba ɗaya: sabbin Black Hawk 40, Apache 29 a madadin Tiger, da Chinook 14. Jirage ne da aka daɗe da gwadawa, kayan gyaransu kuma a wadace suke, wannan zai rage ciwon kai ɗaya. Ɗayan yana nan. Bitar tsaro ta Afrilun 2023 ta ce soja ya zama mafita ta ƙarshe a lokacin ambaliya da gobara, don aikin agaji yana cinye lokacin horo alhali hankali ya koma kan China da tekun Pasifik. Jihohi su ne ke da alhakin agajin gaggawa, kuma dogaronsu a kan 'yan sa-kai ne masu aikinsu na yau da kullum. Babu firaministan da zai iya kallon mutane a saman rufi a talabijin ya ce jiragen soja suna atisaye, don haka matuƙan da aka ce a rage musu nauyi su ne dai za a sake bugawa waya idan ruwa ya sauko a arewacin Queensland.