Ina da dabara, yaya zan mayar da ita manhaja? Tambayoyin matasan Zariya

Da wuya wata ya wuce wani matashi bai tare ni a Samaru ko Kongo ba, ya ce yana da dabarar da in ta zama manhaja sai ƙasar nan ta girgiza. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Zan riƙe misali ɗaya, wanda na fi ji a bakinsu: manhajar da za ta haɗa ɗaliban ABU da masu ɗakunan haya a Samaru, Hayin Dogo da Palladan.

Malam, in nemi mai rubuta manhaja tun yanzu?

A'a, ƙanena. Fara yin aikin da hannunka. Sayi littafi, ka ware lambar WhatsApp guda, ka shiga lunguna ka nemo ɗakuna goma sha biyar. Ɗauki hotonsu, ka rubuta kuɗin shekara, akwai rijiya ko sai an sayi ruwa, mitar wuta ta mutum ɗaya ce ko ta gida duka. Sannan ka sanar a zaurukan ɗalibai, ka zauna ka ga me za a tambaye ka.

A mako biyu za ka koyi abin da wata shida a gaban kwamfuta ba zai koya maka ba. Za ka tarar masu gida da yawa ba ruwansu da waya, makullin yana hannun dillali, kuma dillali ba zai saki la'adarsa don ka zo da sabon abu ba. Za ka ga ɗalibi ba ya sakin kuɗi sai ya taka ƙafa ya ga ɗakin, domin gani ya kori ji. Ɗalibai mata kuwa, kafin farashi, tambayarsu ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida da kuma su wane ne maƙwabta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sauya fasalin manhajar. Wataƙila ma ka gane dillalin da ka yi niyyar turewa shi ne ainihin abokin cinikinka, tunda da ɗan gari akan ci gari.

Ta yaya zan san da gaske ana so?

Idan an biya. Abokanka za su ce wallahi ta yi, amma wannan kara ce suka yi maka. Nemi wanda bai san ka ba ya ba ka kafin alƙalami, ko da kaɗan ne, don ka nemo masa ɗaki. In mutum goma sun ji bayani babu wanda ya sa hannu a aljihu, koma ka sake tunani.

Ba za a sace mini dabarar ba in na yi ta faɗa?

Wannan dabarar dai na ji ta a bakin mutum fiye da biyar, babu wanda ya zaga lungu ko ɗaya. Faɗi abinka.

To me zan sa a zubin farko?

Abu ɗaya da ya fi cinye maka lokaci sa'ad da kake yi da hannu. In turawa da sake tura hotuna ne, to shafin intanet mai jerin ɗakuna da maɓallin kira ya isa. Ba dole sai wadda ake saukewa a waya ba. Yawancin mutanenmu ƙananan wayoyin Android ke hannunsu, ma'ajiyar ta cika da hotunan biki, data kuma ana lissafinta kamar gishiri. Ga kuma kuɗin shiga kasuwar manhajojin da ake saukewa: Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple kuwa dala 99 duk shekara.

Kada ka gina hanyar karɓar kuɗi da kanka, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da Flutterwave sun gama wannan aikin. Ka rage nauyin hotuna, ka gwada shafin inda sabis ke rawa, ba a ɗakin da ke da intanet mai ƙarfi ba. Kuma in kana son dillali ɗan shekara hamsin ya yi amfani da shi, sa Hausa, ka bar masa damar turo saƙon murya.

Ni ban iya rubuta manhaja ba. Jinga zan bayar ko abokin tarayya zan nema?

Nan aka fi yin kuka. Na san wani da ya ba da jinga, aiki ya yi kyau, ranar da suka saɓa da injiniyan sai ya gano sunan shafin da rubutun manhajar duk suna asusun wancan. Haka ya fara daga farko.

In jinga ce, a rubuta yarjejeniya, a biya kashi-kashi bisa abin da ka gani yana aiki. Ka buɗe asusun GitHub, wato ma'ajiyar rubutun manhaja a intanet, da sunanka a riƙa ajiye rubutun a can, sunan shafin ma kai za ka saya. In tarayya ce, ku yi maganar kaso tun ana dariya. Al'adar irin waɗannan kamfanoni ita ce kason mutum ya riƙa tabbata a hankali cikin shekara huɗu, don kada wanda ya tafi bautar ƙasa bayan wata uku ya tafi da rabin kamfani. Kuma ka sani manhaja ba gini ba ce da ake gamawa a kulle: duk wata akwai kuɗin ajiye ta a intanet, galibi da dala, ga gyare-gyare.

Yaushe zan yi rajista?

Da zarar kuɗin mutane ya fara shigowa, yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka buɗe asusun kasuwanci, kada kuɗin haya ya gauraya da na cefane. Akwai dokar tallafa wa sabbin kamfanonin fasaha da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022, wadda hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ke kula da aiwatar da ita, amma kamfani mai rajista take nufi, ba dabarar da ke cikin kai ba. Tunda za ka tara lambobin waya da adireshin mutane, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta hau kanka. Kada ka karɓi bayanin da ba ka da aikin yi da shi.

Masu zuba jari fa? Na ji labarin Paystack.

Kowa ya ji. Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi a 2015, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet na Stripe ya saye shi a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Amma mai jari ba labari zai tambaye ka ba, littafinka zai buɗe: ɗaki nawa ka bayar, nawa ka samu a kowane, mutum nawa suka turo maka wani.

Sannan zai yi maka tambayar da duk mai shago a Samaru ya san zafinta: in aka rufe makaranta fa? Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Don haka tun kana yawo da littafin nan, leƙa wajen ɗaliban kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli da ma'aikatan asibitin Shika, ka ji su wa ke nema musu ɗaki kuma nawa suke biyansa.