Tsoffin finafinan Japan da wasannin gargajiyar da suka haife su

Waɗanne wasanni ake nufi?

Manyansu uku ne. Noh shi ne dattijo: Kan'ami da ɗansa Zeami suka daidaita shi a ƙarni na 14, 'yan wasa na sa fuskar katako, suna tafiya a hankali kamar ba sa ɗaga ƙafa. Kabuki na jama'ar gari ne, da kwalliya da tsalle da ihu. Wata mace, Okuni, ta fara shi a Kyoto wajen 1603, amma a 1629 hukuma ta hana mata fitowa, sai maza suka koma yin rawar mata. Na uku Bunraku, wasan 'yar tsana, inda mutum ɗaya ke zaune a gefe yana rera labarin da muryoyin kowa, ana kaɗa masa molo mai tsirkiya uku.

Ta yaya fim ya shigo cikin wannan?

Ta ƙofar dandali kai tsaye. Fim ɗin Japan mafi tsufa da ya rage a yau, *Momijigari* na 1899, hoton manyan 'yan Kabuki biyu ne, Ichikawa Danjuro na tara da Onoe Kikugoro na biyar, suna wasa a gaban kyamara a tsaye cak. Tauraron fim na farko, Onoe Matsunosuke, ɗan Kabuki ne. Kamfanin Shochiku kuwa harkar Kabuki yake yi tun 1895, sai a 1920 ya shiga fim. Har farkon shekarun 1920 galibi maza ne ke fitowa a matsayin mata a fim. Ɗaya daga cikinsu, Kinugasa Teinosuke, ya koma ba da umarni, fim ɗinsa kuma ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes, a Faransa, a 1954.

Me ya sa finafinai marasa sauti suka daɗe a can?

Saboda a Japan ba a taɓa kallonsu shiru ba. Akwai *benshi*, mutumin da ke tsaye a gefen allo yana bayani, yana yin muryar miji da ta mata da ta yaro, ya sassauta a wurin kuka, ya ɗaga murya a wurin faɗa. Gadon mai rera labarin Bunraku ne. Wanda ya san yadda ake sayen fim ɗin Indiya a Kano saboda mai fassararsa zai gane: mutane kan je sinima don benshi, ana rubuta sunansa a takardar talla. Fim mai magana na farko da ya karɓu ya fito a 1931, amma marasa sauti sun ci gaba har tsakiyar shekarun 1930. Ƙarshen sana'ar ya yi ɗaci. Heigo, yayan fitaccen mai ba da umarni Kurosawa Akira, benshi ne, yana cikin jagororin yajin aikinsu, kuma ya kashe kansa a 1933.

Ina ake ganin wannan gado a manyan finafinai?

A nan ne abin ya fi burge ni. A 1957 Kurosawa ya ɗauki labarin Macbeth, wasan kwaikwayon Shakespeare, ya mayar da shi zamanin yaƙe-yaƙen sarakunan Japan, a *Kumonosu-jo*. Ya nuna wa 'yan wasansa fuskokin Noh, ya ce su kwaikwaya. Dubi Yamada Isuzu a matsayin matar da ke zuga mijinta ya kashe ubangidansa: tana zaune a ƙasa, fuska fara fat, ido ba ya ƙiftawa, murya ba ta tashi. Idan ta miƙe, abin da za ka ji kawai shi ne shafar rigarta a kan katako. Mifune Toshiro, wanda ya fito a matsayin mijin nata, yana ta kai-komo yana huci, amma ita ce ke sa gabanka ya faɗi. Noh ne ya koya musu cewa rashin motsi na iya fin kururuwa ƙarfi, kuma a ganina babu inda aka yi amfani da wannan darasi kamar nan.

Mizoguchi Kenji ya bi wata hanyar. Yakan ja kyamara baya, ya bar fage guda ya yi tsawo ba yanka, ka ga jikin ɗan wasa duka kamar kana zaune a zaure. A 1954 ya yi fim daga wasan Chikamatsu, babban marubucin Bunraku.

Kowa ya yarda da wannan alaƙa?

A'a. Tun shekarun 1910 wasu matasa suka taso suna cewa fim ya daina zama hoton dandali, a kawo mata na gaske, a kusanto da kyamara, a rage dogaro da benshi. Sun yi nasara a kan yawancin abin da suka nema. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma hukumar mamayar Amurka ta sa ido kan labaran biyayya ga iyayen gida da ɗaukar fansa. Fim ɗin da Kurosawa ya yi a 1945 daga wasan Kabuki mai suna *Kanjincho* bai samu fitowa ba sai 1952, shekarar da mamayar ta ƙare.