Ƙarfin inji ba ya tsayar da mota

An daɗe ana faɗa a majalisa cewa mota mai ƙarfin inji ta fi tsare rai, wai tana jin birki yadda take jin totur. Ba haka ba ne. Inji gudu yake bayarwa, tsayawa kuwa aikin taya ne da birki da idon direba.

Dubi motocin da ake kwaikwayon Cobra, motar tseren da wani Ba'amurke mai ƙera motoci, Carroll Shelby, ya fitar a 1962. Jikinsu marar nauyi, injin ƙato, amma da yawansu ba jakar iska, ba na'urar ABS mai hana taya ƙullewa. Hakan take da motar da aka sauya wa fuska a gareji: kwalliya sabuwa, birki na jiya.

Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa, kafin ma ƙafarsa ta taɓa birki. In gudun ya ninka, tazarar birki ninki huɗu take yi. Ga hanyar Wudil ranar Juma'a, shanu da babura da amalanke ko'ina. Shi ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, komai ƙarfin injinsu.