Daidaita alamomin nau'i a manhaja mai aiki a kan Windows da Linux

Alamar nau'i bayani ne da mai rubuta manhaja ke maƙalawa a jikin kod don nuna irin abin da wani aiki ke karɓa da irin abin da yake mayarwa, ko lamba ce, ko rubutu, ko jeri. A yaren Python takardar PEP 484 ce ta tsayar da ƙa'idarta, aka fara amfani da ita a Python 3.5 a shekarar 2015. Shi kansa Python ba ya tilasta alamomin yayin da shiri ke gudana. Masu duba su manhajojin bincike ne irin su mypy, wadda Jukka Lehtosalo ya fara, da Pyright ta Microsoft.

Wahalar tana tasowa ne idan aiki ɗaya yana da reshe biyu, ɗaya na Windows, ɗaya na Linux. Kundin fcntl da umarnin os.getuid na dangin Unix irin su Linux ne kaɗai, winreg da msvcrt kuwa sai a Windows. Sai a tarar reshen Linux yana mayar da lamba, na Windows yana mayar da rubutu, alhali sunansu ɗaya. Abin da ke ɓoye kuskuren shi ne mypy, idan ba a ba ta wani umarni ba, tana ɗauka kwamfutar da take kai ita ce ma'auni, kuma idan da gwajin sys.platform aka raba rassan, sai ta tsallake ɗaya reshen ba tare da ta ce uffan ba.

Masu wannan sana'a a Legas sun san ciwon. Mutum zai rubuta kod a laftof mai Windows da ya saya a Computer Village ta Ikeja, komai lafiya lau, sai an ɗora shi a saba (kwamfutar da ke gudanar da manhajar ga masu amfani) mai Linux asiri ya tonu.

Magani na farko shi ne a raba rassan da gwajin sys.platform, mai ba da win32 ko linux ko darwin (na macOS), domin shi ne mypy ke ganewa, kuma haka typeshed, ma'ajiyar alamomin nau'i na kundayen Python, ke yi. Gwajin platform.system ba ya samun wannan kulawa. Sannan a gudanar da binciken sau ɗaya ga kowane tsari da zaɓin --platform na mypy. Wanda ya fi su ƙarfi shi ne Protocol, da ya zo da Python 3.8 a 2019: a rubuta siffar aikin wuri guda, kowane reshe ya bi ta.

A yaren C abin ya fi haɗari, don nau'in long bit 32 ne a Windows mai bit 64, amma bit 64 ne a Linux mai bit 64. Shi ya sa ake komawa ga int64_t, wanda girmansa ba ya canzawa ko'ina.