Zazzaɓin Rumatik, Rawar Sidenham da Kumburin Manyan Jijiyoyin Jini

Zazzaɓin rumatik ciwo ne da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro wanda ƙwayar sitiraftokokas ta rukunin A ke haddasawa, galibi ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Bayan mako biyu zuwa uku, garkuwar jiki da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta kasa bambance ta da naman jikin yaron, ta afka wa gaɓɓai da zuciya da ƙwaƙwalwa. A ƙauyukan Kano da Jigawa, inda yara ke kwana da yawa a ɗaki guda, ƙwayar ba ta wahalar yaɗuwa, kuma sau da dama wanzami ake kira ya cire beli, alhali fenisilin ne maganin abin.

Idan ɓarnar ta kai ga sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi, sai a sami rawar Sidenham, ciwon da likitan Ingila Tomas Sidenham ya siffanta a 1686. Yarinya, domin mata sun fi kamuwa, takan fara fizge-fizgen hannu da yatsine fuska ba da son ranta ba, rubutunta a allo ya karkace, ludayin fura ya riƙa suɓuce mata, ta yi kuka ba dalili. In ta kama yatsun likita, riƙon yakan matse ya saki kamar mai tatsar nono. Motsin yana tsayawa idan ta yi barci. Tun da yakan bayyana watanni bayan an manta da maƙogwaron, akan ɗora wa iska laifi a tafi ruƙiyya, ba a duba zuciyar ba, ga shi kuwa a ƙa'idojin gane zazzaɓin rumatik da likita Jons ya tsara a 1944, wannan rawa tana cikin manyan alamomin ciwon.

Dangantakar zazzaɓin rumatik da kumburin manyan jijiyoyi ba ta kai ƙarfin dangantakarsa da rawar Sidenham ba. Ciwon Takayasu, wanda likitan ido na Japan Mikito Takayasu ya ba da rahotonsa a 1908, yana kumbura babbar jijiyar da ke fita daga zuciya da rassanta, akasari ga mata 'yan ƙasa da shekara 40, har bugun jini ya ɓace a hannu ɗaya. Shi ma garkuwar jiki ce ke ɓarnar, kuma yakan sa ƙofar zuciya mai hana jini komawa baya yoyo, shi ya sa ake iya ɗaukarsa a matsayin ciwon zuciya na rumatik. Awon hawan jini a hannu biyu da hoton zuciya su ke raba gardama. Mai rumatik allurar fenisilin ake yi masa duk mako uku ko huɗu tsawon shekaru, mai Takayasu kuwa maganin danne garkuwar jiki ake ba shi.