Tambayoyi da amsoshi a kan karatun labaran tsohuwar Girka da aka sake rubutawa

Tun da littattafan da ke sake ba da labaran Girkawan dā suka yawaita a hannun ɗalibai, tambayoyin da ake kawo mini ba su wuce waɗannan ba, kuma na gaji da maimaita amsarsu baki da baki. Ga su nan a rubuce, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wane littafi ne na asali, wanda sauran suka kwafa?

Babu shi. Labaran sun daɗe suna yawo a bakin mawaƙa kafin a rubuta su. Mafi tsufa da suka iso mana su ne Iliad da Odyssey na Homer, da Theogony na Hesiod, duk daga wajen ƙarni na 8 zuwa na 7 kafin Miladiyya, kuma su ma ba su yarda da juna ba. Homer ya ce Aphrodite, allahiyar soyayya, 'yar Zeus ce, Hesiod kuwa ya ce daga kumfar teku ta fito.

Me ya sa wani littafin yake cewa Zeus, wani kuma Jupiter?

Duk sunan babban allansu ne: na farko na Girkawa, na biyu na Romawa. Haka Athena da Minerva, haka Poseidon da Neptune. A kiyaye wannan, domin sunan da marubuci ya zaɓa yakan nuna inda ya ɗebo labarinsa.

Na karanta Iliad har ƙarshe ban ga dokin katako ba. An yanke ne?

Ba a yanke kome ba. Iliad labarin 'yan makonni ne kawai a shekara ta goma ta yaƙin Troy, kuma da jana'izar Hector, jarumin Troy, ya ƙare. An taɓo zancen dokin, wanda Girkawa suka ɓuya a cikinsa suka shiga birnin Troy, a Odyssey, amma cikakken bayaninsa da kowa ya sani yana cikin Aeneid na Virgil, mawaƙin Roma da ya rasu a shekara ta 19 kafin Miladiyya. Labarin tsoma Achilles, jarumin Girkawa, a kogin Styx da aka riƙe shi ta diddige ma babu shi a Homer. A waƙar Statius, ta ƙarni na 1 Miladiyya, aka same shi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ɗalibin da zai rubuta "kamar yadda Homer ya faɗa" alhali bai taɓa buɗe littafin ba.

Tatsuniyoyi ne kamar na Gizo da Ƙoƙi?

Ta fuska ɗaya sun yi kama, tun da kowane mai ba da labari yana da yadda yake juya shi. Sai dai mai tatsuniya yana rufewa da ƙurunƙus, kowa ya san ƙirƙira ce. Girkawa kuwa sun gina wa waɗannan alloli ɗakunan bauta, sun yi musu yanka, kuma wasannin Olympia ma don girmama Zeus ake yin su.

Na karanta wani sabon littafi inda Medusa budurwa ce da aka zalunta. Zan yi rubutu a kai. Ta yaya zan rarrabe abin da marubucin ya ƙara da abin da ya gada?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da hanya guda da za ta yi aiki a kowane lokaci. Mu fara da Medusa ɗin. A wajen Hesiod tana cikin 'yan'uwa mata uku dodanni da ake kira Gorgon, ita kaɗai ce mai mutuwa a cikinsu, kuma abin da ya ce shi ne Poseidon ya kwana da ita a wata makiyaya mai furanni. Bai ambaci tilas ba, bai ambaci horo ba. Bayan shekaru kusan 700, Ovid, wanda ya rubuta Metamorphoses da harshen Latin wajen shekara ta 8 Miladiyya, ya ce kyakkyawa ce mai gashi abin sha'awa, Neptune ya yi mata fyaɗe a ɗakin bautar Minerva, ita kuma Minerva ta mayar da gashinta macizai. Ke nan marubucin naka bai ƙirƙiri zaluncin ba, daga Ovid ya samo shi, amma kuskure ne ka rubuta cewa haka Girkawan dā suka yi imani.

Kada kuma ka yi saurin cewa Ovid ne ya ƙago shi, domin abin da ya ɓace ya ninka abin da ya rage. Sophocles, marubucin wasan kwaikwayo na Girka, ya rubuta wasanni fiye da 120, bakwai ne kawai suka iso mana cikakku. Lafazin da za ka iya kārewa shi ne: "mafi tsufan rubutun da ya rage mai wannan bayani shi ne na Ovid." Haka lamarin Medea, matar jarumi Jason, yake. A wasan kwaikwayon Euripides, marubucin Girka, na shekara ta 431 kafin Miladiyya ita ta kashe 'ya'yanta, amma akwai ruwayar da ta ce mutanen Korinti ne suka kashe su, saboda haka marubucin zamani da ya wanke ta yana da inda ya dogara.

A aikace, ka fara duba bayanin da marubuta da yawa suke sakawa a ƙarshen littafi game da inda suka samo labarin, ko da yake ba dukansu ke faɗin kome ba. Sannan duk aukuwar da za ka kafa hujja da ita, ka nemi tsohon rubutun da ya kawo ta, ka rubuta sunan mai shi da zamaninsa da harshensa. Galibi doguwar maganar zuci da ake sa wa mutanen labarin aikin marubucin zamani ce. Na ce galibi, saboda ba wa matan da aka kama a yaƙi damar yin magana ba sabon abu ba ne: Euripides ya yi hakan a wasansa na matan Troy tun shekara ta 415 kafin Miladiyya. Idan ka kasa gano tushen wani abu, kada hankalinka ya tashi, ka danganta shi ga marubucin da ka karanta, ka tsaya nan.

Troy ta taɓa wanzuwa kuwa?

Akwai kufan birni a Hisarlik, a Turkiyya ta yau, inda Heinrich Schliemann ya yi haƙa a shekarun 1870, kuma masana da yawa sun amince ita ce Troy. Samun birnin bai tabbatar da Helen, matar da aka ce saboda ita aka yi yaƙin, ko dokin katako ba.

Karanta labarin alloli ba zai taɓa mini imani ba?

Fatawa aikin malamai ce, a tambaye su. Abin da zan iya faɗi shi ne karatu daban, yarda daban. A Bagadaza, a ƙarni na 10, aka fassara littafin Aristotle a kan waƙa da wasan kwaikwayo zuwa Larabci, kuma daga baya Ibn Rushd ya yi masa sharhi.

Akwatin Pandora fa?

Abin da Pandora, mace ta farko a labarin, ta buɗe masifu suka fito duniya ba akwati ba ne, tulu ne. Kalmar da Hesiod ya yi amfani da ita tana nufin babban tulun ajiyar hatsi ko mai ko giya. Erasmus ne, wani masani ɗan Holan, a ƙarni na 16, ya mayar da shi akwati lokacin da yake ba da labarin da harshen Latin, sauran marubuta suka bi shi.