Enzaim: Yadda Yake Aiki a Jikin Masu Rai

Mene ne enzaim?

Sinadari ne da ƙwayoyin halitta ke ƙerawa domin ya hanzarta sauyawar wani sinadari zuwa wani. Kusan dukkan enzaim furotin ne. Narkar da abinci, kwafar DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) da fitar da kuzari daga sukari duk sun dogara da su. Ba don su ba, waɗannan ayyuka za su riƙa tafiyar hawainiya har rai ya gagara. Akwai wani mai suna kabonik anhaidires a cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda guda ɗaya kan sarrafa ƙwayoyin iskar kabon dayoksaid kusan miliyan ɗaya a daƙiƙa. Kuma aikin ba ya cinye shi: da ya gama da wannan, sai ya kama na gaba.

Ta yaya yake samun wannan sauri?

Kowane sauyin sinadarai yana buƙatar wani ƙarfi kafin ya soma. Enzaim rage wannan ƙarfin yake yi. A jikinsa akwai ɗan gurbi inda sinadarin da zai sarrafa ke shiga ya zauna. A nan yake riƙe shi, ya matsa mahaɗarsa har ta yi saurin tsinkewa, ko kuma ya kusanto da abubuwa biyu su haɗe.

A 1894 Emil Fischer, masanin kimiyya ɗan Jamus, ya kwatanta abin da kwado da makulli: kowane kwado da makullinsa. Shi ya sa amiles na cikin yawu ke farfasa sitaci amma ba ruwansa da kitse. A 1958 Daniel Koshland na Amurka ya gyara kwatancen, ya nuna gurbin ba a sandare yake ba, yana ɗan sauya siffa ya rungumi abin da ya shigo. Bayanin Fischer ya fi sauƙin koyarwa, amma na Koshland ya fi kusa da gaskiya.

Me ya sa zafi ke lalata shi?

Saboda aikinsa duk a siffarsa yake. Furotin doguwar sarƙa ce da ta naɗe ta hanya ta musamman. Zafi mai yawa kan warware naɗin, gurbin ya ɓaci, aiki ya tsaya. Yawancin enzaim ɗin ɗan Adam sun fi aiki a wajen digiri 37 na Salshiyas. Sanyi kuwa rage musu sauri kawai yake yi, wanda yana cikin dalilan da abinci ke daɗewa a firiji.

Amma ba duka ne ke tsoron zafi ba. Wata ƙwayar bakteriya da aka gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yelosuton a Amurka tana da enzaim mai jure zafin da ya haura digiri 90. Shi ake amfani da shi a gwajin PCR, wato hanyar kwafar DNA da yawa a ɗakin gwaji.

Tsami ma haka. Fefsin, enzaim ɗin ciki mai narkar da furotin, sai cikin asid mai ƙarfi yake aiki, da ya gangara ƙaramin hanji sai ya daina, tirifsin ya karɓa.

To me ya hana fefsin narkar da cikin kansa, tunda shi ma nama ne?

Jiki ba ya sakinsa a shirye. Yana fitowa ne a kulle, a matsayin fefsinojen, sai asid ya buɗe shi. Ga kuma yauƙi da ya lulluɓe bangon ciki yana kare shi.

Me ke faruwa idan wani enzaim ya yi ƙaranci?

Misalin da aka fi sani shi ne laktes, mai farfasa sukarin madara. Jarirai suna da shi sosai, amma a yawancin mutanen duniya yakan ragu bayan yaye. Sukarin sai ya wuce babban hanji, bakteriya su ruɓar da shi, a samu kumburin ciki, iska da gudawa.

Magunguna suna da alaƙa da su?

Ƙwarai kuwa. Da yawa toshe enzaim suke yi. Asfirin yana hana wanda ke haɗa sinadaran ciwo da kumburi. Fenisilin yana hana wanda bakteriya ke gina bangonta da shi, sai ta fashe. Gubar sayanaid ma ta nan take kisa, ta toshe enzaim ɗin da ƙwayoyin halitta ke amfani da iskar oksijin da shi.

Shan ƙwayoyin enzaim da ake tallatawa yana ƙara lafiya?

Ga mai lafiya, da wuya. Enzaim ɗin da aka haɗiye furotin ne, yawanci ciki narkar da shi yake yi kamar sauran abinci. Masu cin moriyarsa su ne waɗanda nasu ya gaza, kamar mai ƙarancin laktes ko mai ciwon fankiriyas (gaɓar da ke samar da enzaim ɗin narkar da abinci), shi kuma likita ne ke tsara masa adadin da zai sha.